Baƙuwar da Goggo Ba Ta Ƙirgawa

A gidanmu, in wani ya tsaya a ƙofa ya tambaya yara nawa ne, Goggo ce ke amsawa, kuma amsarta ba ta canjawa: "Ɗa guda gare mu." Ido cikin ido take faɗa, ko ƙiftawa babu, alhali ga kukan ta biyun yana fitowa daga ɗaki har bakin hanya. In mai tambaya ya karkata kunne ya ce, "To wancan kukan fa?" sai ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Baƙuwa ta. Tsintar ta anka yi." Baƙuwar nan kuwa ni na yi goyon cikinta, ni na durƙusa na haife ta a ɗakin nan.

Goggo yayar babana ce, kuma uwar mijina, don auren gida aka yi mana kamar yawancin mutanen ƙauyenmu da ke bakin kogi tsakanin Sinja da Wad Madani, a ƙasar Sudan. A nan aka haife ta, a nan aka haifi uwarta, amma har ta koma ga Allah bakinta bai saki Sakkwatancin kakanni ba. Larabci tana ji sarai, sai dai ba ta yin sa sai in ciniki ya kama ko faɗa. Halinmu ɗaya da ita, shi ya sa ba ma daɗewa a inuwa guda. Ni in raina ya ɓaci unguwa ce ke ji. Ita in nata ya ɓaci shiru take yi, ta jawo ɗan turminta na gahawa ta yi ta daka har ƙasa na amsawa. Mijina, bawan Allah, a tsakaninmu ya yi furfura.

Ɗana na fari ya zo da ƙoshin lafiya, ƙato, mai ci kamar gara. Bayansa na haifi namiji, sannan mace, kuma dukansu babu wanda ya kai yaye. Hanya ɗaya suka bi. Da sun fara zama sai hannu da ƙafa su kumbura, su yi ta tsala ihu in an taɓa su, ido ya yi rawaya, jiki ya yi fari fat. Daga nan zazzaɓi, daga zazzaɓi sai ƙirji ya kama, numfashi ya yi ta sama-sama. Na ga wannan sau biyu da idona, kuma ba na yi wa ko maƙiyina fatan ya gani sau ɗaya. Bayan ta biyun ne mata suka fara rage murya in na iso bakin famfo. Na zama mai wabi, wadda 'ya'yanta ba sa zama.

Ga abin da ya kamata in faɗa tun yanzu. Duk wata masu allurar rigakafi, wadda muke ce wa tat'im, suna zuwa su kafa tebur a gindin bishiyar makaranta, da akwatinsu mai sanyi. Ɗana na fari babu wadda ta wuce shi. Goggo da kanta take saɓa shi a kafaɗa ta kai, ta dawo tana fariya cewa ko uffan bai ce ba. Amma waɗancan biyun, duk ranar allura sai ta same su a kwance ko sun tashi ke nan, sai a ce, "A bari ya yi ƙwari tukuna. Allura zazzaɓi take sawa, wannan ina zai iya?" Haka kowa ya sani a ƙauyen, ba gidanmu kaɗai ba: allura ta yaro mai ƙarfi ce, mai laulayi jira yake yi. Suka yi ta jira har suka tafi.

Da na haifi wannan yarinyar, ko wankan kirki ba a gama yi mata ba Goggo ta naɗe ta a wani tsohon tsumma, ta ɗora a faifai, ta fita da ita bayan gida ta ajiye a kan juji. Wata maƙwabciyarmu da aka riga aka shirya da ita ta biyo, ta ɗauka, ta zagayo ta ƙofar gida tana sallama. "Masu gida, ga abin da na tsinta. Ko za ku riƙa mini?" Goggo ta ce, ba tare da ta ko dubi faifan ba, "Aje nan. In ta kwana, to." Aka huda mata kunne guda, aka bar ɗayan. Ranar suna an yanka rago, an raɗa suna, amma babu guɗa, babu taro, kuma sunan nan Goggo ba ta taɓa sa shi a bakinta ba.

Ma'anar abin ita ce duk abin da ke zuwa yana ɗauke mana 'ya'ya, in ya leƙo ya ga ba tamu ba ce, ba mu ma damu da ita ba, zai wuce. Saboda haka ba a ƙirga ta, ba a yabon ta, ba a sa mata sabon kaya, ba a nuna ta ga baƙon ido. Goggo ba ta goya ta, ba ta yi mata wasa in da mutane. Mijina ya ce wannan camfi ne, rai da ajali na Allah ne, ya faɗa a hankali yana duban ƙasa. Uwarsa ta dube shi ta ce, "Kai ka binne biyu, ni na binne biyar kahin in same ka. Tashi ka ba ni wuri." Ya tashi. Ni kuwa a lokacin ko garwashi aka ce in haɗiya yarinyar nan ta rayu, wallahi da na haɗiye.

Ma'aikaciyar lafiya da ke bin gida-gida kafin ranar tat'im, Sista muke ce mata. Bahaushiya ce daga wani ƙauye can gaba da mu, doguwa, mai yawan dariya. Da safe take zuwa, lokacin ni ina hawasha, gonarmu ta ban-ruwa, ina cirar auduga, yarinyar tana gida. Goggo ce ke tare ta a ƙofa da kofin gahawa da daddaɗar gaisuwa da amsar nan tata. Ɗa guda, kuma ya gama allurarsa. Sista ta sha gahawa ta yi godiya ta wuce.

Yarinyar ta fara rarrafe ke nan, wata ranar na dawo daga hawasha na miƙa mata hannu, sai ta ƙi kamawa. Na duba. Bayan hannunta ya tasa kamar an hura, 'yan yatsun sun yi suntum, suna sheƙi. Innalillahi! Na zauna daɓas a ƙasa. Na san wannan hannun. Sau biyu na wanke irinsa na naɗe a likkafani.

Goggo ta zo ta duba, fuskarta ba ta motsa ba. Ta ce a jiƙa saiwa, a kira wanzami ya yi tsaga. Na ce babu wanzamin da zai taɓa ta, Sinja za ni. Ta ce asibiti cike yake da idon baƙi, in na kai ta na tona abin da aka rufe. Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Goggo, waɗancan biyun a ɗaki muka rufe su, wa ya gan su? Ba su tafi ba?" Ta juya ta jawo turminta. Ni kuma na saɓa 'yata, na yafa tob ɗina, dogon mayafinmu na nan, na fita bakin titi na tsayar da mota. Ina jin dakan gahawa har na sha kwana.

A asibiti aka kwantar da mu, aka ɗebi jininta. Likitan wani dattijo ne mai sanyin magana, Balarabe, amma ya daɗe cikin mutanenmu har yana tsintar Hausa. Ya ce abin da ke damun ta manjaliyya ce, ciwon jinin nan da wasu ke kira sikila. Ya ce gadon sa ake yi, sai uwa da uba duka suna ɗauke da ɗigonsa a jini, ko da su lafiyarsu ƙalau, kuma yana yawa inda ake auren gida. Ba maita ba ce, ba iska ba ce, ba kuma wani abu ke leƙowa ta katanga ba. Sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi katinta na tat'im.

Na ce babu.

Ya ce, "Kin manta a gida?"

Na ce ba a taɓa yi mata ba, ana jira ta yi ƙwari.

Ya cire tabarau ya ajiye, ya daɗe yana murza ido. Na shirya jin faɗa, har na tanadi amsa, don ni ba a yi mini tsawa in yi shiru. Bai yi ba. Ya ce, "Ya bitti, 'yata, zauna ki ji." Ya ce akwai saifa a cikin mutum, aikinta tare ƙwayoyin cuta, kuma a jikin yara masu wannan ciwon saifar tana gajiya tun suna ƙanana. Ciwon ƙirjin da zai kwantar da ɗana na fari ya tashi, ita yana iya ɗauke ta tsakanin safe da yamma. Haka sanƙarau, haka ƙyanda. Ya ce, "In damina ta matso, wane ɗaki kuke fara yaɓewa, mai ƙwari ko wanda ya tsage?" Na ce wanda ya tsage mana. Ya ce to ita ce. Duk allurar da ake yi wa yara sai an yi mata, kuma kada a ƙara jinkiri, da zarar wannan zazzaɓin ya sauka a fara, ba sai ta yi ƙiba ba. In ta cika shekara biyu akwai ƙarin wasu da ake yi wa irinta kawai, saboda ƙirji da sanƙarau. Ya rubuta mata maganin sha na kullum, ya ce ta kwana a gidan sauro, ta sha ruwa da yawa, kuma duk ranar da jikinta ya yi zafi kada in tsaya jiƙa komai, in kamo hanya.

Na daure na tambaye shi abin da ke cina. Na ce waɗancan biyun, da an yi musu, da sun zauna? Ya ce, "Allah ne masani. Ban gan su ba. Wannan ce a gabana." Na gode masa da wannan amsar har gobe, don da ya ce mini i, ban san yadda zan koma in ci abinci a kwano ɗaya da kowa a gidan nan ba.

Muka dawo gida kumburi ya saɓe. Na zayyana wa Goggo duk abin da likita ya ce, har da maganar ɗaki da damina. Ta saurara tana tsince wake. Da na gama ta ce, "Shi likita, ɗiya nawa ya binne?" Na ce ban tambaye shi ba. Ta ce magani a ba ta, gidan sauro a ɗaura, amma a kai ta gindin bishiya gaban duk garin, a kira sunanta da ƙarfi, a ce ga ɗiyar gidan wane, wannan sai bayan ranta. Na yi ihu, na yi kuka, na ce zan tattara in tafi gidanmu. Ta ce gidanmu gidan ƙanenta ne, in je in gaishe shi. Kai, tsohuwar nan! Ko gezau.

Zan iya saɓar yarinyar in tafi, ba wanda zai riƙe ni. Amma allurar ba ɗaya ba ce, zuwa ne bayan zuwa, ni kuma rabin rayuwata a hawasha take, yarinyar a hannun Goggo take wuni. In ba ta yarda ba, wata rana zan dawo in tarar an ce masu allura sun zo sun tafi. Sai na wanke ƙafa na je na sami Sista a ɗan ɗakin shan magani na ƙauyensu, na kwashe komai na gaya mata. Ina magana ina huci. Ita kuwa sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Raina ya ɓaci, na ce me ye abin dariya? Ta ce, "Yi haƙuri, yaya. Dubi nan." Ta zame mayafinta ta juyo mini kunnenta na hagu. Saman kunnen a yanke yake, ɗan guntu babu. Ta ce, "Ni ma daga juji aka ɗauko ni. Wata nawa ina jin kukan yarinyar nan, ina jiran wani a gidanku ya buɗe baki. Bar ni da Haboba." Goggo take nufi, haka ake ce wa kaka da Larabcin nan.

Ta zo da hantsi, ranar da ba ta tat'im ba, da ƙaramin akwatin sanyi a cikin jaka. Na ƙi zuwa hawasha, na laɓe a bakin madafa. Suka gaisa, aka zuba gahawa. Sista ta ce, "Haboba, yara nawa ne a gidan?"

"Ɗa guda gare mu."

"Ma sha Allah. Allah ya raya shi." Ta kurɓa. "Na ji an ce kuna da baƙuwa."

Goggo ta ɗaure fuska. "Ba tamu ba ta."

"Na sani. Ai ban ce taku ce ba. Mu aikinmu har 'ya'yan baƙi muke yi wa. Masu zuwa cirar auduga daga nesa, da sun sauka muke bin su har bukkokinsu, ba ma tambayar na wane ne. A ina aka tsince ta?"

Goggo ta nuna bayan gida da haɓa.

"To a can zan same ta. Ba sai an kawo ta gindin bishiya ba, ba sai an kira suna a gaban kowa ba. Ke ma ba sai kin gani ba." Tana faɗa tana gyara mayafi, a hankali, yadda kunnen nan zai fito. Na ga idon Goggo ya sauka a kansa ya tsaya.

"Ke ɗiyar wa ta?" in ji Goggo.

"Ta bakwai ce ni a wurin uwata, Haboba, kuma ni kaɗai na zauna. Ita ma ba ta ƙirga ni ba sai da na yi wayo. Amma allura kam ta kai ni, a ɓoye, ta bayan gari."

Goggo ta jawo turmi ta zuba gahawa, alhali ga wadda aka dafa ko rabi ba a sha ba. Ta juya mana baya. Ta ce wa bango, "Ni ban ga komi ba."

Haka aka yi wa 'yata allurarta ta farko a kan juji, tsakanin toka da ɓawon albasa, kaji suna tono a gefenmu. Na shimfiɗa zane na zauna na rungume ta, Sista ta durƙusa ta wanke hannu, ta goge cinyar da auduga, ta ɗiga mata na baki, ta soka na cinya. Yarinyar ta callara ƙara. Daga cikin gida dakan turmi ya ƙaru, dum, dum, dum, kamar za a fasa shi. Ni ina kuka ina dariya, majina da hawaye, Sista tana ce mini, "Halas, yaya, an gama, ke aka yi wa ko ita?"

Da la'asar jikinta ya ɗumama, cinyar ta ɗan tasa. Sista ta riga ta gaya mini za a yi haka, ta bar mini abin da zan ba ta, ta kuma ce saboda irin jikinta in zafin ya hau ko ta ƙi nono kada in jira. Duk da haka na ƙi sauke ta daga cinyata. Goggo ta zo ta wuce, ta dawo ta wuce, kowane wucewa sai ta ɗan goga bayan hannunta a goshin yarinyar kamar kuskure ne. Washegari da safe baƙuwa ta tashi tana jan wutsiyar kyanwa. Goggo ta dube ta ta ce, "Hm." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Duk lokacin da ya yi, Sista ta ɓullo ta bayan gida, ni in fito da zane, Goggo ta ɗauki turmi. Ban san gahawa nawa aka daka a banza a shekarar nan ba. In ina hawasha ranar, sai in dawo in tarar an ajiye yarinyar a faifai a bakin ƙofar baya, wai iska take sha, Sista kuma ta zo ta tafi. Wa ya ajiye ta? Goggo ba ta sani ba.

Ba zan ce allura ta raba ta da ciwonta ba. Manjaliyya tana nan, in sanyi ya shigo ko ta yi wasa a rana ta manta ruwa, ƙashi ya kama ta ta yi ta murƙususu, mu kwashi hanyar Sinja. Amma tana zuwa tana dawowa. Sai ga wata bazara ƙyanda ta shigo ƙauyen, ta bi gida-gida ta kwantar da yaran da ba a yi wa allura ba. An yi zaman makoki a gidajen da na sani, har da gidan maƙwabciyar nan da ta ɗauko 'yata daga juji, jikanta mai laulayi da ake jira ya yi ƙwari. Kullum da safe sai in ga Goggo ta ja yarinyar gefe, ta duba bayan kunnenta, ta buɗe bakinta, ta ɗaga rigarta ta dubi ciki. Ba ta ga komai ba har cutar ta fita gari. Ranar da muka dawo daga gaisuwar maƙwabciyar, Goggo ta zauna a bakin gado ba ta ko cire mayafi ba. Can ta ce, ba ni take kallo ba, "Waɗancan biyun, ni nac ce a bari." Na ce, "Goggo, duk garin ne ya ce." Ta girgiza kai. Ba mu sake tayar da maganar ba.

Da ta cika shekara biyu lokacin ƙarin allurar nan ya yi, wadda ba ta zuwa a akwatin Sista. Sai an je Madani, kuma likita ya ce kada a bari zafi ya shigo, lokacin sanƙarau. Ranar da aka ba mu ta faɗo daidai da zuwan ruwa hawasharmu, in mijina ya bar layinsa ya wuce alkama ta ƙone. Ni kuma ƙaya ta soke ni a tafin ƙafa ta yi ruwa, da sanda nake dogarawa, ina ni ina goyo. Ina zaune da safe ina ta masifa ni kaɗai, ina zagin ƙaya da alkama da nisan Madani, sai ga Goggo ta fito daga ɗaki cikin farin tob ɗinta na zuwa biki, wanda ke ƙasan akwati. Ta ce, "Tashi, kin cika mu da surutu. Ni ka goyon ta."

Na saki baki. Ta sunkuya, ta ɗora yarinyar a bayanta, ta ɗaure da majanyi, ta fita ta ƙofar gaba. Ta ƙofar gaba, jama'a! Mata a bakin famfo suka bar tulunansu suna kallo. Ta ratsa su ko waiwaye babu, ni ina ɗingishi a baya.

A Madani ɗakin jiran cike yake maƙil, Larabawa, mutanenmu, mutanen kudu da na yamma, duk irin idon baƙin da Goggo ta shekara biyu tana gudu. Ta zauna a tsakiyarsu da yarinyar a cinya, bayanta a miƙe. Da layi ya zo kanmu, ma'aikaciyar da ke teburin, wata yarinya da ba ta san mu ba, ta karɓi kati ta duba, ta tambaya da Larabci ba tare da ta ɗago ba: tsohuwar nan me ce ce ta yarinyar, kuma yara nawa ne a gidan, ko akwai wani mai irin ciwon da ya kamata a gwada.

Na buɗe baki zan amsa, don in sauƙaƙa mata. Sai na ji ta damƙe wuyan hannuna, damƙar da sai da ta bar mini shaida. Ta ce, da Hausa, da ƙarfin da har na bayan layi suka juyo, "Jikata ta. Tawa ta. Biyu gare mu, ga ta biyun." Sannan ta faɗi sunan yarinyar, cikakke, da na ubanta.

Ma'aikaciyar ta ɗago ta dube ni, don ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Ni kuwa na kasa fassarawa. Hawaye suna zuba, sai wata mata a bayanmu ce ta mayar mata da Larabci. Aka shiga da mu. Wannan karon babu turmi, babu bango. Goggo ce ta riƙe ta, ta kafa ido a kan allurar tun daga shigarta har fitarta, tana cewa, "Yi haƙuri, uwata, yi haƙuri, yanzu a gama."

Kafin mu hau mota ta ja ni cikin kasuwa, ni da ƙafata mai ciwo, ta yi ta ciniki da Larabcin nan nata na faɗa har ta sayi 'yan kunne ƙanana. Na ce, "Goggo, ai kunne guda gare ta." Ta ce, "Ina da allura a gida."

Yau yarinyar tana makaranta, ta fi ni Larabci, ta kusa fi ni baki. Ciwonta yana nan, muna lallaɓawa, kuma a shekarun nan da hanyoyi suka yi wuya, magani ya yi ƙaranci, sau da yawa nakan zauna in gode wa Allah da aka yi mata abin da aka yi tun da sauran dama. Ina gode wa dattijon likitan da bai yi mini tsawa ba. Ina gode wa Sista, wadda ta durƙusa a cikin toka da farin kayanta ba sau ɗaya ba, ba ta taɓa ce wa tsohuwa ke jahila ce ba. Duk matar da na ji ta ce a bar yaro ya yi ƙwari tukuna, har gida nake bin ta, kuma ba a hankali nake magana ba, kowa ya san ni.

Goggo ta rasu yarinyar tana aji biyu. A ciwonta na ƙarshe ta rikice, ba ta gane mutane, har ɗanta takan tambaya wane ne. Mata suna zuwa dubiya, wata a cikinsu ta nuna yarinyar da ke zaune a gefen gado tana yi mata fifita, ta ce, "Haboba, wannan fa, kin san ta? Baƙuwarku ce?" Goggo ta buɗe ido da ƙyar. Ta miƙa hannu ta laluba kunnen dama, ta laluba na hagu, ta ji 'yan kunnen duka biyu suna nan. Ta ce, "Wace baƙuwa? Tawa ta."